Ina SS2 kuma ina gyaran waya a Farm Centre, in ajiye makaranta in riƙe sana'a?

Wani ƙaninmu ne ya turo wannan tambaya. Ya ce yana SS2 a wata makarantar gwamnati a cikin gari, in an tashi yana wucewa Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, wajen maigidansa yana koyon gyaran waya, hannunsa ya fara faɗawa har yakan koma gida da 'yan canji a aljihu. Yayansa kuma ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, an kai takardu ofis-ofis shiru, yanzu Adaidaita Sahu yake ja. Shi ne yake cewa to shi zaman me zai yi a aji, ba gara ya ajiye bokon nan ya kama sana'ar gadan-gadan ba?

Ƙanena dan Allah kar ka ajiye. Shagon ma kar ka bari. Na daɗe ina koyar da aikin lantarki a makarantar fasaha a nan Kano kuma ina haɗa wa mutane sola a gefe, saboda haka ba wai na raina sana'ar hannu ba ne, da ita nake cin abinci. Abin da nake ji maka tsoro shi ne wannan gyaran wayar da ka iya a yau ba shi za ka tarar nan da shekara goma ba, zai canza a hannunka kana kallo, kuma ranar da ya canza abin da zai cece ka shi ne ka iya zama da kanka ka karanta sabon abu ka gane shi ba tare da wani ya kama hannunka ba. Wannan iyawar a aji ake samunta, a darasin lissafi da fiziks da Turancin da kake gani kamar ɓata lokaci ne.

Ka tambayi manyan da ke kasuwarku ka ji. Wayar salula ta GSM sai 2001 ta shigo Najeriya, kafin nan kasuwar waya irin taku babu ita sam, masu ido da lantarki rediyo suke gyarawa da kaset da bidiyo da talabijin mai ƙaton baya. Da waya ta zo aka yi zamanin Nokia, aka yi na BlackBerry wanda a lokacin in ba ka riƙe ta ba kamar ba ka waye ba, yau ko kyauta aka ba ka ba abin da za ka yi da ita tunda kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa a farkon 2022. Aka dawo Tecno da Infinix da Itel da Samsung da iPhone. Duk juyin da aka yi akwai masu gyaran da aka bari a baya, kuma ba ragwaye ba ne wallahi, wasunsu sun fi kowa sammako. Abin da aka nuna musu kawai suka iya, da abin ya wuce sai suka tsaya cak.

Bari in zo kan teburinku. Canza sikirin, canza batir, canza bakin caji, wannan yaro mai natsuwa cikin 'yan watanni zai iya, shi ya sa masu yinsa suka yi yawa kuma kowa yana karya wa ɗan uwansa farashi. Kuɗin gyara yana wajen wanda za a kawo masa waya ta mutu murus, ba ta kawo wuta ba ta caji, kowa ya taɓa ya ce sai dai a canza fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin wayar, gaba ɗaya, shi kuma ya buɗe zanen wayar a kwamfuta, ya ɗora mitarsa, ya bi layin wuta tun daga batir har ya gano wani ɗan mitsitsin kafasita, ɗaya daga cikin ƙananan kayan da ke kan fanel, da ya lalace ya yi shot yana janye wutar, ya sa bulowa mai hura iska mai zafi ya ɗauke shi, waya ta tashi. Abin da ya cire bai kai ƙwayar gero ba amma ladansa ya ninka na mai canza sikirin, kuma sauran masu shaguna su ne kwastomominsa, a ɓoye suke kai masa aikin da ya gagare su. To me ya sani wanda sauran ba su sani ba? Ya san dangantakar bolt da amfiya da juriyar abin da wuta ke bi ta cikinsa, wato dokar Ohm, wadda take cikin manhajar fiziks ɗin sakandare, ya iya karanta zanen da aka rubuta da Turanci, in sabuwar waya ta fito ya hau YouTube ya kalli masu gyara na Indiya da Chana da Amurka ya gane abin da suke faɗa ba wai ya kalli hannunsu kawai ba. Kuma kamfanonin kullum ƙara ɗaure abin suke, kai ma ka ga yadda sababbin iPhone ke rubuto gargaɗi in an sa musu sikirin ko batir da ba nasu ba. Gaba gyaran zai ƙara komawa aikin ƙwaƙwalwa ne fiye da na yatsa.

A namu ɓangaren ma haka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagari mutane, kowa ya koma sola, yara da yawa suka shigo harkar kuma na ji daɗin hakan. Amma ga inda ake rabuwa. Maigida zai ce maka yana da fanka uku, kowacce a ce wat 70, ƙwai goma masu wat 10, da talabijin mai wat 90, ka ga an tashi wat 400 kenan. Ya sayi batir ɗaya mai bolt 12, 200Ah, ka buga 12 sau 200 ka samu 2400, amma batirin ruwa ba a so a zuƙe shi ya wuce rabi in ana so ya yi ƙarko, saura 1200, ka raba da 400, awa uku ke nan, in ka cire abin da inbata ke ci ma ba zai kai ba. Yaron da ya iya wannan ɗan lissafin zai gaya wa maigida gaskiya tun kafin a kashe kuɗi, ya ce Alhaji wannan ba zai kai ka asuba ba, ko a ƙara batir ko a koma litiyom ko a rage kaya. Wanda bai iya ba zai ce insha Allahu zai kwana, ya haɗa ya karɓi kuɗinsa, ƙarfe sha ɗaya na dare wuta ta ɗauke, bayan 'yan watanni batir ya mutu, sunansa ya ɓaci a unguwa gaba ɗaya. Mafi muni shi ne wanda zai sa siririyar waya a inda wuta mai yawa ke bi, ta yi zafi ta narke, a wayi gari ana cewa gobara daga sola ta tashi. Sau da raba ne fa kawai, na ƙaramar sakandare, amma ina ganin samari majiya ƙarfi da in ka ba su biro su buga sai gumi ya karyo musu, kuma kusan dukkansu labarinsu ɗaya, sun bar aji da wuri saboda sun fara ganin kuɗi.

Je Ƙofar Ruwa ka ga kanikawa. Wanda ya ƙware a kafireta yana gane ciwon mota da kunne, gwani ne na gaske, sai motoci suka koma injekta da kwamfuta a ciki, yanzu sai an jona na'ura ta rubuto lamba irin P0300 da bayani da Turanci, kuma ga masu mayar da mota gas sun shigo, ga babura da kekuna masu caji sun fara yawo a titi. Wani lokacin ma ba fasaha ce ke kashe sana'a ba, doka ce. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birnin nan, dare ɗaya dubban magidanta suka tashi ba abin yi. Wanda yake da takarda ko wata sana'ar ya lallaɓa ya kama wani abu, wanda babur ɗin ne kaɗai abin da ya sani ya sha wuya ba kaɗan ba.

Yanzu maganar yayanka, don na san ita ce ta fi tsaya maka a rai. Ba zan ce maka ƙarya ba, digiri a Najeriyar yau ba ya ba mutum tabbacin aiki. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa da suka ɗebi iyayenmu da yawansu sun rufe, musamman masaƙu da majemu, aikin gwamnati kuma guraben kaɗan ne masu nema kamar me, kuma kowa ya san sau da yawa sai kana da wanda zai tsaya maka. Ga yajin aikin malaman jami'a, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wanda ya ga wannan ya karaya ba zan ga laifinsa ba. Amma ka auna da kyau. Yayanka yana jan Adaidaita Sahu da takarda a akwati, gobe in aka buɗe ɗaukar ma'aikata ko wani kamfani ko ƙungiya na neman mai digiri yana da damar cikewa, in ya samu jari zai iya yi wa kasuwancinsa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya rubuta takardar neman kwangila da hannunsa. Wanda ya fita a SS2 shi ma zai iya jan Adaidaitan, amma ko fom ɗin ɗan sanda ko soja ba zai iya cikewa ba, don duk takardar gama sakandare suke fara tambaya. A aikin gwamnati mai takardar sakandare wajen lebul 4 yake farawa, mai difloma 6, mai NCE 7, mai digiri 8, wanda ba shi da ko ɗaya kuma sai dai masinja ko gadi in ma an samu. Kai ko takarar ɗan majalisa ko gwamna za ka tsaya wata rana, tsarin mulkin 1999 ya ce sai ka yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare.

Sannan akwai abin da ba a cika son faɗa ba, kuma ba yayanka nake nufi ba don ban san shi ba. Da yawan masu digirinmu tun ranar da suka rubuta jarrabawar ƙarshe ba su sake buɗe wani abu don su koya ba, a makarantar ma handawut aka haddace aka juye aka manta. In ka ce su rubuta wasiƙa shafi ɗaya ko su tsara lissafin shago a Excel sai a fara kame-kame. Irin wannan shi ma ya bar karatu, ya dai bar shi a makare ne. Ka duba likitoci da nas-nas da akantoci, hukumominsu ba sa barin mutum ya zauna a kan abin da ya karanta shekara ashirin baya, dole ya riƙa halartar bita yana tara maki, likita ma sai da su ake sabunta masa lasisi. In wanda ya yi shekara shida a jami'a ana tilasta masa ya ci gaba da koyo, ina ga mu masu kayan da duk shekara sai an fito da sabo.

Na san abin da za a ce maka a majalisa, ai ga Alhaji wane a kasuwar Kwari ko Singa ko aji ɗaya bai yi ba kuma masu digiri ne ke masa aiki. Gaskiya ne akwai su, Allah ya ƙara musu. Amma na farko waɗannan bayin Allah ba jahilai ba ne, mafi yawansu sun yi allo sun sauke, sun yi karatun zaure, suna rubuta bashi da ajami, lissafin da za su yi maka da ka kafin ka ciro kalkuleta sun gama, kuma sun yi shekaru suna yaron shago kafin a sallame su. Har yau za ka ga dattijo ya rufe shago bayan magariba ya ɗauki littafinsa ya tafi gaban malami, mu Kanawa ba yau muka san cewa gemu ba ya hana ilimi ba. Na biyu, ka duba inda suke kai 'ya'yansu, ba wanda ya ce ɗansa ya bar makaranta tunda shi bai yi ba, har waje suke tura su. Aliko Dangote gidan Dantata ya fito, jari ba matsalarsa ba ce, amma sai da ya je Azhar a Misira ya yi karatu. Abdussamad Isyaka Rabi'u mai BUA a Amurka ya karanta tattalin arziki. Na uku, wanda ya yi nasara shi ake gani a nuna, waɗanda suka shiga kasuwa tare da shi suka karye ba mai lissafa su.

Kuma kasuwar ma ba irin ta da ba ce. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 da takardar naira ta ɓace, mai shayi da mai kayan miya sai da suka koyi karɓar tiransifa, wanda bai iya karanta alat ba yara suka riƙa cutarsa da na bogi. Yau ɗan Kwari yana zaune a shago yana odar kaya daga Guangzhou ta waya. A Dawanau masu fitar da riɗi da zoɓo da citta waje sai da takardun banki da na gwajin inganci, kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Mai kayan da ba zai iya karanta yarjejeniya ba dole ya ɗauko wanda zai karanta masa, kuma duk abin da wancan ya ce masa an rubuta shi ke nan.

To yanzu me za ka yi. Kana SS2, abin da ya rage maka bai kai shekara biyu ba, kuma wannan ajin shi ne mafi hatsarin fita don a cikinsa ake rubuta kwalifayin, wadda gwamnatin jiha ke dubawa wajen biya wa ɗalibai kuɗin NECO. Ka ba ta muhimmanci sosai. Abin da kake nema kiredit biyar ne har da Turanci da lissafi, in kana ajin kimiyya ka riƙe fiziks da hannu biyu don kai kam kana da abin da 'yan ajinku ba su da shi, abin da malam ke zanawa a allo kai kana taɓa shi da yamma. In an yi darasin lantarki ka je shago ka ɗauki mita ka gwada a kan mataccen fanel. Kuma ina roƙonka kar ka bi ta santocin da ake biyan kuɗi a rubuta wa mutum amsa, za ka fito da takarda mai kyau da kai fanko, kuma JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yinta gaba ɗaya, kai da allon ne kawai.

Bayan sakandare ba dole sai jami'a ba, kuma ba dole ka rufe shago ba. Kano Poly tana da difloma a fannin lantarki da kwamfuta, akwai kuma karatun wucin gadi na masu aiki. BUK tana da makarantar ci gaba da karatu da ake yin digiri ana sana'a. Akwai NOUN da ake karatu daga gida, wadda Obasanjo bayan ya sauka daga shugabancin ƙasa ya koma ya zama ɗalibinta har ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana da shekara tamanin. In ta hannu kake so zalla akwai jarrabawar NABTEB ta fasaha da sana'o'i, akwai gwajin sana'a (trade test) na ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku wanda ke ba mai sana'a shaidar da kamfani zai yarda da ita. Kuɗin makaranta kuma tun 2024 akwai bashin ɗalibai na NELFUND ga 'yan manyan makarantun gwamnati, ba ruwa a ciki, sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Wanda kuma yake karanta wannan ya riga ya fita tun tuni, ƙofa ba ta rufe ba, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, kuma hukumar ilimin manya ta jihar nan tun 1980 zamanin Abubakar Rimi take, har yau tana da azuzuwa na maza da na mata. Na ga matan aure da 'ya'yansu a baya sun bi ta nan sun gama sakandare sun wuce makarantar koyon aikin lafiya, kuma duk wanda ya taɓa kai matarsa asibiti yana fatan mace ce za ta duba ta ya san amfanin hakan.

Wani hanzari, in a gida an dogara da ɗan abin da kake kawowa ne, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne kuma ba zan ce ka yi kamar babu shi ba. Amma lokacin makaranta safiya ce zuwa azahar, kasuwar waya kuma ta fi ci daga la'asar zuwa dare da ranakun Asabar da Lahadi, ga hutun zango sau uku a shekara, abin da za ka rasa bai kai yadda kake zato ba. Wahala kam za ka sha, abokanka na shago za su riga ka sayen babur, wata rana za ka shiga aji da barci a ido. Ka samu maigidanka cikin ladabi ka ce masa Oga ina so in kammala sakandare, a yi min uzuri da safe, lokacin jarrabawa kuma a ɗaga min ƙafa na 'yan makonni. Mafi yawan iyayen gida in ka zo musu ta haka za su sa maka albarka, wani ma shi zai biya maka kuɗin JAMB. In ka ga yana jan ƙafa ka sa mahaifinka ko wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. In duk da haka ya ce sai dai ka zaɓi ɗaya, to ka yi masa godiya ku rabu lafiya, ka nemi wani shagon, Farm Centre ba teburi ɗaya ba ne kuma yaro mai hannu da amana ba ya rasa mai ɗauka.

Yayanka kuma ka ja shi jiki, ku yi musaya. Shi ya zauna da kai da dare ya ɗora ka a lissafi da Turanci, ya riƙa fassara maka bidiyon gyaran da ba ka ganewa, kai kuma ranar da bai fita da mashin ba ka tafi da shi shago ya fara riƙe ayan ɗin liƙi da dalma.